Shekarar da Aka Kori Taba daga Layinmu

Ku samarin da ke zama bakin shagona kuna shan shayi, kullum maganarku ɗaya ce: wai mu tsofaffi mun ci banza, wai sayar da taba zaman inuwa ne, ka auna ka miƙa. To ga amsarku a rubuce, tunda in na fara magana sai ku ɗauko hirar ƙwallo. Sunana Illa, mutumin Galmi. Na daɗe ina dillancin taba a nan Tamanrasset, tabar ganye da taba gari, ba sigarin kwali ba. Sana'ar ta mutu ina riƙe da ita. Ba fari ya kashe ta ba, ba dowan masu binciken kaya a kan iyaka ba. Mu ƴan Nijar muka kashe ta da hannunmu, a tsakar gida ɗaya, tsakanin la'asar da magariba.

Damin farko da na buɗe na Baba Gonda ne, wani tsoho ɗan Madawa mai rumfa a layin ƴan Nijar cikin kasuwa. Lokacin ina ɗaukar bulo a unguwar Gataa El Oued, bayana ya fara ƙin aikin. Ya ji cewa ubana manomin taba ne a fadama, sai ya kira ni, ya nuna mini dami guda da aka sauke daga kamiyo, babbar motar kaya, ya ce, "Buɗe ka gaya mini abin da na saya." Na kwance igiya, na ga ganye jajaye masu faɗi, na shinshina, na ce, "Baba, kun yi dace." Ya naɗe hannun riga, ya tura hannunsa cikin damin har gwiwar hannu, ya zaro baƙin ganye mai furfurar fumfuna, ya ɗora mini a tafi.

"Saman dami na mai sayarwa ne," in ji shi. "Tsakiyarsa ce taka."

Shekarun da na yi a hannunsa, ban taɓa awo ba sai can daga baya. Aikina cire jijiya daga ganye, daka, tankaɗe, da shara. Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana da dokarsa. Turmin taba ƙarami ne, kuma ba ya ganin barkono ko citta har abada. In mace ta ara sau ɗaya, ka ba ta shi kyauta. Rariya biyu, mai laushi don tabar hanci, mai tsakitsaki don ta baki. Wuƙa siririya. Buhunan algarara na rufi. Kanwa, ja da fara, kowace a tukunyarta. Gwangwanin tumatir na awo, wanda ba a lotsa shi ba, domin mai saye yana duban gindin gwangwani kafin ya dubi fuskarka.

Babban aikin shi ne wanda ba ku gani, wato faɗa da iskar garin nan. Dami yakan baro Madawa da laimarsa, ya bi ta Tawa, Agadas, Arlit, ya tsallako Assamaka a saman buhunan albasa, kafin ya iso nan ya sha rana har ya ƙoshi. Iskar Tamanrasset ɓarauniya ce, ruwa take sata. In ka bar ganye a buɗe wuni ɗaya, ka taɓa shi ya ruguje, ya zama gari ba ka daka ba, kuma garin ba shi da rai. Sai ka jiƙa buhun algarara, ka matse, ka rufe damin da shi. Buhun ake jiƙawa, ba ganyen ba. In ka yi rowar ruwa, ta bushe. In ka yi kyauta, ta ɗauki zafi daga ciki, ta ruɓe kana zaune a kanta. Kowace safiya sai ka tura hannu tsakiyar kowane dami, kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta, ka juya na ƙasa ya koma sama. Taba tana son inuwa mai iska. Rumfarmu ta kasuwa, mai rufin kaba da gefe a buɗe, ita ce rabin sana'ar.

Awon da na fara yi da hannuna na Amud ne, wani dattijo mai lambu daga ƙauyen Mertoutek na kan dutse, wanda ke saukowa da ɓaure da tumatir ya koma da taba ta dangi gaba ɗaya. Mutanen dutsen nan ba sa ce maka kayanka ba kyau. Amud yakan ɗebi ɗan kaɗan, ya juya fuska gefe, ya sassauta rawaninsa kaɗan, ya sa a bayan leɓe. In ya tofar ya zauna, auna masa. In ya tofar ya tambaye ka farashin sukari, to ya ƙi tabar, kada ka ɓata bakinka. Matansu sun fi son mai kanwa da yawa, mai cizo. Masu kai ƴan yawon buɗe ido dutsen Assekrem sun fi son ganye zalla, su murje a tafi su haɗa da toka a hanya. Waɗannan sun yi mana ciniki sosai kafin rikicin arewacin ƙasar nan ya kori Turawa. Leburori kuwa na ƙulli ɗaya ne, amma kullum. Duk wannan sai ka riƙe a kanka: wane bakin, wace taba. Da haka na buɗe tawa rumfar kusa da ta Baba Gonda, har na kai ina aika saƙon dami da sunana.

Wani dami da ya zo mana daga hannun sabon mutum shi ya fara nuna mini abin da ke tafe. Na tura hannu tsakiya kamar kullum, sai na ji leda. Na zaro, ga koren ganye a dunƙule. Wiwi ce. Baba Gonda ya sa na mayar, muka ɗaure damin, muka kai wa direban, ya ce masa, "Ɗana, kayanka sun ɓata hanya." Amma ba kowa ne Gonda ba. Masu shigo da ita sun gano cewa warin taba na rufe warinta, kuma mai bincike ba ya son tona damin da zai sa shi atishawa. Masu saye kuwa ga su nan tuli, samarin da ke hawa da siminti a kafaɗa daga safe zuwa yamma, ba mata, ba iyaye kusa.

Ba a daɗe ba jandarma suka gane. Suka riƙa tsayawa a layinmu duk lokacin da suka ga dami. In sun tsaya kuwa ba taba kaɗai suke dubawa ba, sai sun tambayi takardu, kuma rabin layin ba su da su. Wani tela ya tafi a motarsu, mai gyaran rediyo ya tafi, yaron mai tuwo ya tafi, duk a kan ledar da ba su taɓa gani ba. Ba na zargin mutane da suka fusata. Ni ma da tela ne ni, da na fusata.

Muna da ƙungiyar ƴan Nijar mazauna gari, kuma manyanta biyu ne. Alhaji Mutari, Badamagare, mai sarin shayi da sukari: shi ke sayen likkafani in ɗan ƙasa ya mutu, shi ke zuwa buro, ofishin hukuma, ya tsaya wa wanda aka kama. Sai Maigida Haruna, ɗan Agadas, mai gareji a Gataa El Oued: duk wanda ya sauko daga mota ba shi da kowa, a garejinsa yake kwana, shi ke samo masa aikin gini. Babu mutum ɗaya a cikinmu da bai ci tuwon ɗaya ba, kuma babu wanda ba ya sa ran ɗayan ranar wahala.

Kowannensu ya kawo shawararsa. Ta Alhaji: kada a sake ganin damin ganye, kowane iri, a layin ƴan Nijar. Ta Haruna: tunda ko an hana za a sha, a ware mutane kaɗan sanannu su riƙa sayar da wiwi a bayan gareji, nesa da kasuwa, suna zuba wani abu a asusun ƙungiya, duk wanda aka samu yana sayarwa ban da su, a miƙa sunansa.

Na je wurin Alhaji na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Alhaji, ku hana wiwi, ku bar mana taba."

Ya ce, "Illa, jandarma yana da hancin da zai rabe damin halal da na haram daga cikin mota? In ya ga dami zai tsaya. In ya tsaya, ƴaƴan mutane za su tafi. Ku nawa ne masu taba? Ku shige inuwar rumfa ɗaya ba ta cika ba."

"Amma da ita muke ci, Alhaji."

"Zo in ba ka shayi ka sayar. Shayi ba ya kawo mota."

Na wuce gareji. Haruna yana ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

"Kai ɗan Galmi," in ji shi daga ƙasa, "tabarka ba ta cikin maganata ko kaɗan."

"Abin da ya kawo ni ke nan, Maigida. Ku sa ta a ciki. Ku ce a bar taba a kasuwa."

"In na taɓa kasuwa na taɓa gemun Alhaji. Ni da shi ba ma haka. Miƙo mini sifana mai lamba sha huɗun nan."

Muka nemi a sa tamu shawarar ta uku. Sakataren ƙungiya ya ce sai dattijo ya ɗauki nauyinta. Na ce ga Baba Gonda, ya girmi Alhaji. Ya sosa ƙeya ya ce dattijo a nan yana nufin mai gidan kansa. Maganar ta tsaya nan.

A shekarun nan zaɓen jam'iyyu ya shigo gida Nijar, kowa yana jin shi ma ya iya. Don haka aka ce ba za a bar wa manya su yanke ba, ƙuri'a za a jefa. Da farko sakatare ya ce kowa a ba shi ƙwallon dabino ɗaya, ya zaɓi shawara ɗaya. Manyan nan biyu suka ƙi da baki ɗaya. Alhaji ya ce, "Ni da Haruna ba ƴan kokawa ba ne da za a ce wane ya kayar da wane." Sai aka shirya cewa kowace shawara a auna ta ita kaɗai. Kowa a ba shi ƙwallo biyu. Gwangwani biyu, na Alhaji a dama, na Haruna a hagu. Wadda ka yarda da ita ka jefa mata, wadda ba ka yarda ba ka riƙe ƙwallonka. Wadda ta haura rabin jama'a ta zama doka.

A tsakar gidan ajiyar Alhaji aka yi, bayan la'asar. Aka rataye bargo a kusurwa don sirri, aka ajiye manyan gwangwanayen madara biyu a bayansa. Manyan suka zauna kan tabarma ɗaya, kusa da bargon, yadda ya dace da girmansu. Bargo yana rufe ido. Babu wanda ya tuna ba ya rufe kunne.

Malam Isufu tela ya fara shiga. Muka ji ƙwal. Tsakar gidan ta yi tsit. Kowa ya dubi Alhaji, ya dubi Haruna, su kuma suna duban ƙasa. Malam Isufu ya daɗe a bayan bargon nan. Sai muka ji ƙwal na biyu. Jama'a suka fashe da dariya, ya fito yana gyara hula yana cewa, "To me kuke so in yi?"

Daga nan hanya ta buɗe. Mutum ya shiga, ƙwal, ƙwal, ya fito ya gaida manya. Wani mai faci ya jefa ɗaya ya fito, sai wani daga baya ya ce, "Daga hagu na ji ta!" wani ya ce, "Ƙarya kake, dama ce!" Mai facin ya juya da sauri ya koma ciki yana cewa mantuwa ya yi. Na ga limamai masu wa'azi a kan wiwi sun fito da hannu wofi. Na ga samarin da idanunsu ke ja tun safe sun fito da hannu wofi. Baba Gonda ya shiga da sandarsa, muka ji biyu. Da ya dawo ya zauna, na raɗa masa, "Baba, kun jefa wa mai korarmu."

Ya ce, "Wanda ya sauke ni ran da na zo, da wanda zai binne ni ran da zan tafi. Gaya mini wanda zan kunyata."

Da layi ya zo kaina na shiga, na dubi gwangwanayen, na fito da ƙwallayena a aljihu. Ban yarda da ko ɗaya ba, kuma an ce wadda ba ka yarda da ita ba ka riƙe. Shirun da aka yi ya fi na Malam Isufu tsawo. Haruna ya ce, "Ɗan Galmi, ko yunwa ta sa ka haɗiye su?" Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Yau ma in aka mayar da ni bayan bargon haka zan yi, amma ku san farashinsa: wanda ya jefa biyu yana da iyaye biyu, ni na fito maraya.

Aka zazzage gwangwanayen kafin magariba. Duka biyun sun haura rabi nesa ba kusa ba. Aka shiga kallon juna. Sakatare ya ce ai ba yadda za a yi a hana abu kuma a halatta shi rana ɗaya. Sai wani mai hikima ya ce a duba da kyau, shawarwarin ba su yi karo ba: Alhaji kasuwa ya ce a share, Haruna bayan gareji ya ce a buɗe. Kowa ya yi ajiyar zuciya, aka yi fatiha. Manyan suka yi musafaha. Haka aka tashi: wiwi ta samu gida da masu gadi, taba ta rasa rumfa.

Kwashe damman daga kasuwa shi ne aiki mafi muni da na yi. Bazara ce. Na kai su ɗakina a Gataa El Oued, ɗakin bulo mai rufin kwano, taga ɗaya kamar tafin hannu. Da hantsi ɗakin ya zama tanda. Na ninka jiƙa buhu, saman ya bushe kafin azahar, tsakiya kuma ta fara zafi. Na juya, na baza, na tattara, na rataye wasu a igiya. Duk dabarar da Baba Gonda ya koya mini ta inuwa mai iska ce. Babu dabarar kwano.

Masu saye kuma ba su biyo ni ba. Amud ya sauko daga Mertoutek, ya tarar da mai takalman roba a rumfata. An kwatanta masa ɗakina, ya ce ya ji. Mutum irinsa ba ya shiga lungun leburori neman taba kamar mai neman abin kunya. Ya sayi shamma, tabar baki ta kanti, mai zuwa daga arewa a ƙunshe, ya koma. Wanda bakinsa ya saba da ta kanti wata biyu, ba ya dawowa.

Baba Gonda bai gwada ba ma. Ya ce shi bai taɓa sayar da taba a ɓoye ba, ba zai fara da furfura ba. Ya ba wata mai kayan yaji turminsa, ya hau motar albasa mai komawa. Labarin rasuwarsa a Madawa ya same mu bayan an yi bakwai.

Kafin bazarar ta ƙare, wata safiya, motar jandarma ta tsaya a ƙofata. Mutum mai tara ganye a ɗaki, mai jiƙa buhu, mai sayarwa ta taga, kuma ba ya cikin waɗanda aka ware: wani ya cika alkawarin shawarar Haruna, ya miƙa sunana. Ban san ko wane ne ba, ban kuma nema ba. Jandarman aikinsu suka yi. Suka fito da damman duka tsakar gida, suka farke kowanne har tsakiya, suka baza a ƙasa. Ba su samu komai ba. Suka tafi da ni don tambayoyi, takarduna kuma daidai suke, amma sai da na kwana biyu kafin a sake ni, domin ba wanda ya zo ya ce ya san ni. Alhaji ya aiko cewa dokar ƙungiya ta hana dami. Haruna ya aiko cewa ba na cikin mutanensa. Duka biyun gaskiya suka faɗa.

Tabar ta yi kwanakin nan a rana. Da na dawo na tsugunna na ɗebi ganye, ya ruguje tsakanin yatsuna.

Kada ku ce aƙalla layin ya huta. Ya huta na ɗan lokaci. Daga baya aka kama mutanen bayan gareji, wasu suka maye gurbinsu, waɗanda ba su san ƙungiya ba balle asusunta. Motar ta dawo layinmu tana tambayar takardu, ba dami ko ɗaya a wurin. Yau wiwi da zatla, ƴar uwarta mai zuwa daga yamma a dunƙule kamar alewa, kun fi ni sanin lungun da ake samunsu. Abin da aka kora da gaske shi ne abin da ke zaune a fili yana da rumfa. Abin aljihu ba a korarsa da ƙwallon dabino. Ni kuwa ga ni ina sayar da bokitin roba da batir, kayan da ba su san safiya ba, ba su san hannun mai su ba.

Abin da na share daga tsakar gidan ya cika buhuna. Na gwada farfaɗo da shi da ruwa, ya yi fumfuna. Tabar fadamar Galmi ce, ta shekarar da aka yi ruwa mai kyau, wadda na zaɓa da saƙo tun tana gona. Wani makiyayi daga bayan gari ya ji labari, ya zo da jaki ya kwashe a kan abin da bai kai kuɗin buhunan ba. Ya ce zai jiƙa ta ya wanke awakinsa. Bayan wata ɗaya muka haɗu a bakin kasuwa, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana murna.

"Maigida, tabarka tana da ƙarfi! Ko kaska ɗaya ba ta bari ba. In wata ta zo, ka ajiye mini."

Na ce masa babu wata mai zuwa. Shi ne mutum na ƙarshe da ya yabi tabata.